Sakatar Cikin Bindiga

Litinin, 2 ga Oktoba

Habibou yana kaso a Lyon. Ƙanena. Alasan abokin ɗakinsa ya rasu, harsashi a ciki. Habibou ya ce bindigar faɗowa ta yi daga saman armuwar, wato kabad ɗin kayansu, ta tashi da kanta. Ya tsince ta ne a kayan wani tsoho da suka kwashe a wurin aikinsu na ɗaukar kaya. Uban wa ya aike ka ka kai ta gida, Habibou?

Alhamis, 5 ga Oktoba

Avoka ɗinsa, wato lauyarsa Maître Leïla, ta kira ni. Revolver ce, mai juyin nan. Ta ce komai ya rataya kan shekarunta. Tsofaffin in sun faɗi suna iya tashi, sababbin kuwa an sa musu kariya. An kai ta wurin masu bincike. Na kira Inna a Damagaram na ce bindigar faɗuwa ta yi, kar ta saurari kowa.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ni da ko wuƙar yanka kaza ba na so, yau na shiga shagon bindigogi a Paris. Mai shagon ya ɗauka saye zan yi. Ya ajiye mini guda biyu. Tsohuwar nauyi, ƙarfe baƙi mai sheƙi, mariƙin katako, ya ce da hannu aka goge kowane sashe har ya zauna daidai. Sabuwar mariƙin roba, ba kyan gani, kamar kayan wasan yara. Sai yabon tsohuwar yake, wai yanzu ba a aiki irin wannan.

Na ce, Monsieur, in ta faɗi fa?

Ya nuna mini abin da ke dukan harsashi ta baya, wai sunansa chien. Kare! A tsohuwar, bakin karen yana kwance kan harsashi, ƙasa ta buge shi shi ke nan. A sabuwar akwai ɗan ƙarfe a ciki kamar sakatar ƙofa, kare ba ya kaiwa sai yatsa ya ja kunama har ƙarshe.

Na fito. Wallahi ban taɓa roƙon Allah abu ya zama mai aibi ba sai yau.

Laraba, 18 ga Oktoba

Maître ta nuna mini hoton bindigar. Mariƙin katako ne! Katako, ya sha hannu. Na yi sujada a kicin.

Talata, 7 ga Nuwamba

Shiru. Ba na iya cin abinci. A jirgin metro 13 na riƙa sakin makullina ƙasa ina ɗauka, har wata mata ta matsa.

Jumma'a, 24 ga Nuwamba

Sakamako ya fito. Katakon tsoho ne, daga wata bindigar aka ciro aka ɗaura. Ita kanta sabuwa ce, da sakatarta lafiya lau. Sun yi ta jefar da ita ta kowace fuska, ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Na yi wa Maître ihu, na ce ƙarfe ma yana kuskure. Ta ce, Madame, wannan bai yi ba.

Asabar, 2 ga Disamba

Na je Lyon, na biya ɗakinsu a unguwar Minguettes na ɗauko wa Habibou rigunan sanyi. Armuwar ba ta ma kai kafaɗata ba. A wurin ziyara a kaso na tarar ya rame. Ya ce, Yaya, ke dai kin yarda da ni ko? Hannunsa na dama yana kan tebur. Shi na yi ta kallo. Na ce ya riƙa cin abinci.

Lahadi, 3 ga Disamba

Inna ta kira. Ta ce, faɗuwa dai ta yi ko, 'yar nan? Kullum ni ke riga ta faɗa. Yau na ce mata, Inna, ki sa Alasan ma cikin addu'a.