Kwalli a Gefen Murfin Idon Rabi

Daren Talata, watan Sha'aban.

Rabi 'yar ajina ta dawo makaranta yau da murfin robar da likita ya manna mata a ido, mai sakin magani a hankali kan ƙwayar idon. An ce kada a ɗaga shi sai a asibiti. Amma na ga kwalli a gefensa, idon kuma yana ta hawaye.

Na ce, "Rabi, wa ya taɓa miki?"

"Ba kowa, Malama." Ƙasa take kallo.

Ban yarda ba. Kakarta mai sayar da kwalli a bakin rijiyar Kusugu ta taɓa ce mini ido ba ya warkewa a rufe. In aka ci gaba da ɗaga murfin ana sa mata kwalli, idon zai tafi. Gobe zan kai wa tsohuwa goro, in roƙe ta Rabi ta riƙa kwana wurina har ranar asibiti.