Sakin Layi Na Shida Da Aka Cire Daga Ta'aziyyata

Malam Ilu Abdulmumin Lere,
Laurel, Maryland.
Talata, 12 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Madam Constance Dung,
Darakta,
Cibiyar Zumunta ta Dattawan Arewa,
Wheaton, Maryland.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: Rage wasiƙar ta'aziyyata da aka yi a ɗakin kwamfuta na wannan cibiya ba da sanina ba, da roƙon a nemo asalinta kafin ranar 21 ga Nuwamba

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya tare da iyali da dukkan ma'aikata, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Shekarata takwas ina mamba a wannan cibiya, ban taɓa rubuta takarda a kan kowa ba. Da akwai wata hanya, da ita na bi.

Zan fara da gabatar da waɗanda abin ya shafa. Akwai ni, Ilu Abdulmumin, ɗan shekara saba'in da takwas, ina zaune a Laurel wurin 'yata Ɗija. Akwai marigayiya Malama Sirkka Heinonen, 'yar ƙasar Finland, wadda ta koya mini karatu da rubutu. Akwai 'yar ƙaninta, Tuula, wadda ta yi jinyarta har ƙarshe a garin Kuopio. Akwai Madam Pauline Yashim, nas ce a nan Wheaton, ta yi aiki shekara tara a Finland kafin ta zo Amurka, tana kuma jin harshensu sosai. Na ƙarshe shi ne Malam Misbahu, jami'in ɗakin kwamfuta, wanda a kansa nake wannan ƙorafi.

Dole ne in koma baya kaɗan, domin in ba haka ba, za a ɗauka rigimar tsoho ce kawai a kan takarda. A shekarar 1987 ina da shekara arba'in da ɗaya, ina gadi a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kuma da babban yatsa nake sa hannu. Malama Sirkka ta zo tare da masu aikin rijiyoyi da kiwon lafiya. Kullum bayan la'asar takan zaunar da mu, magidanta goma sha ɗaya, a barandar ɗakin magani, ta riƙe mana hannu muna jan haruffa. Da Hausa ta koyar da mu, Hausar da ita ma sai da ta sha wuya kafin ta iya.

A shekarar 1989 wasu suka kai ƙara gaban dagaci cewa ajin nan dabara ce ta raba mu da addininmu. Ba gaskiya ba ne. Ba ta taɓa yi mana maganar addini ba, kuma idan magariba ta gabato ita ce take cewa a tashi a yi alwala. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, tana zaune tana kallona, na ce ni ban taɓa zama a ajin ba, gadina kawai nake yi. Tsoron bakin mutane ne ya sa ni. Aka rufe ajin, bayan wata huɗu ta bar ƙauyen. Sau biyu ta rubuto mini daga ƙasarsu. Na karanta duka biyun da kaina, kunya ta hana ni amsawa. A 2019 Ɗija ta gano adireshin Tuula, amma a lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama Malama, ba ta gane kowa.

Ta rasu ranar Laraba, 2 ga Oktoba, 2024. Tuula ta sanar da Ɗija, ta kuma bayyana cewa a al'adarsu, bayan an fito daga coci ranar jana'iza, dangi sukan zauna a karanta saƙonnin ta'aziyya a fili, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce idan ina da saƙo in aiko kafin Asabar, 26 ga Oktoba, ranar jana'izar. Mu a wurinmu, wanda ya zalunci mamaci bai nemi gafararsa ba, wurin danginsa yake zuwa ya faɗi abin da ya yi a gaban jama'a, ya roƙi yafiya. Na ga cewa Allah ya ba ni wannan dama, kuma ba lalle ne a sake ba ni wata ba. Na yanke shawarar in yi da harshenta, tun da ita ma da nawa ta zo mini.

Na rubuta da Hausa, sakin layi takwas. Madam Pauline ta zo gidanmu Lahadi uku a jere bayan ta taso daga coci, wato 6 da 13 da 20 ga Oktoba, ta juya shi zuwa harshen Finland da hannunta, shafi huɗu. Ta sa wa kowane sakin layi lamba a takardar Hausa da ta harshen Finland, domin su dace da juna. A sakin layi na shida na faɗi abin da na yi gaban dagaci, na nemi yafiya sau uku kamar yadda aka saba. A kan wannan wuri kaɗai muka ƙarar da Lahadi guda.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Ranar Talata, 22 ga Oktoba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na kawo wa Malam Misbahu takardun duka biyu domin ya buga a kwamfuta ya aika wa Tuula ta imel. Na gaya masa a gaban mutane biyu da ke jiran layi cewa kada a ƙara harafi, kada a rage harafi. Ya dafa ƙirjinsa ya ce in kwantar da hankalina. Na kwantar, domin ni ne na tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa a Mitchellville, lokacin da ba shi da kowa a ƙasar nan. Baba yake kirana.

2. Ranar Laraba, 23 ga Oktoba, ya kira ni ya ce ya aika. Na nemi ya buga mini kwafi in ajiye, ya ce tawadar firinta ta ƙare. Na nemi takarduna na hannu, ya ce suna cikin aljihun tebur, in zo in karɓa duk ranar da na shigo. Ban ga abin da aka aika da sunana ba.

3. Ranar Alhamis, 31 ga Oktoba, Tuula ta rubuto wa Ɗija godiya da Turanci. Ta ce an karanta gajeriyar wasiƙata, mutane sun yi hawaye da suka ji cewa Malama tana da ɗalibi mai amana irina. Ta haɗo da hoton takardar, rabin shafi ce. Ranar Lahadi, 3 ga Nuwamba, Madam Pauline ta duba hoton ta fassara mini abin da ya rage. Gaisuwar da na yi wa dangi da sunayensu babu ita. Addu'ar da na yi ta ragu zuwa layi ɗaya. Sakin layi na shida babu ko kalma ɗaya daga cikinsa. Abin da aka karanta wa danginta shi ne ta koya mini karatu, ina godiya, ina taya su baƙin ciki. Madam Pauline ta ajiye wayar ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

4. Ranar Litinin, 4 ga Nuwamba, na zo na tambayi Malam Misbahu. Ya zaunar da ni ya nuna mini a kwamfuta. Ya ce manhajar da ake rubutu da ita tana da mai duba nahawu da salon rubutu na harsuna da yawa, shi kuma ya sauko da na harshen Finland musamman domina. Ya buɗe mini wurin zaɓuɓɓuka: akwai na kuskuren haruffa, akwai na doguwar jimla, akwai na maimaici, akwai na maganar baka, akwai na taƙaitawa. Ya ce a wannan cibiya duk takardar da za ta fita, ta inshora ce ko ta asibiti ko ta shige da fice, da dukkan zaɓuɓɓukan a kunne ake duba ta, shi ma haka ya yi wa tawa. Ya ce shafukan sun cika da jan layi da shuɗin layi. Inda manhaja ta kawo gyara sai ya karɓa, inda ta ce jimla ta yi tsawo ko an maimaita, ba ta kuma kawo madadi ba, sai ya share har layin ya ɓace. Na tambaye shi ko yana jin harshen Finland, ya ce ko kalma ɗaya. Na tambaye shi me ya hana ya kira Madam Pauline, ya ce ya ɗauka kwamfuta ta fi ta sanin harshen, tun da ita 'yar Kafanchan ce. Ranki ya daɗe, wannan mata ta yi shekara tara tana zama kusa da tsofaffin ƙasar a lokacin da rai yake fita, da harshensu take lallashinsu. Kuma wasiƙar ta'aziyya ba takardar inshora ba ce. Maimaicin da aka share da gangan na yi shi.

5. Da maganar ta tsaya a nan, da na ce kuskure ne na rashin sani, in yi haƙuri. Amma da na koma gida na tuna cewa sauran wuraren rage su aka yi, na shida kaɗai aka cire ɗungurungum. Ranar Alhamis, 7 ga Nuwamba, na dawo na tambaye shi wannan, mu biyu kawai a ɗakin. Ya amsa cewa ya karanta takardar Hausa, ya bi lambar ya gane wurin. Ga abin da ya ce, na rubuta shi a ranar don kada in ƙara masa: "Baba, mutum kamar kai bai kamata ya tona wa kansa asiri a gaban Turawa ba. Rufa maka asiri na yi." Ashe ranar Litinin fakewa ya yi da manhaja. Shekara talatin da biyar ina rufa wa kaina wannan asiri, na san nauyinsa fiye da shi. Na yi wa baiwar Allah nan ƙarya tana raye, yanzu kuma an sa na sake yi mata ƙarya ranar jana'izarta, da sunana a ƙasan takardar, ta hannun wanda nake kira ɗana.

6. Har yau ba a ba ni takarduna na hannu ba. Malam Misbahu ya ce ya duba aljihun tebur bai gan su ba. Ya ce bugun farko, kafin ya kunna mai dubawa, wataƙila yana nan cikin kwamfuta ta biyu daga ƙofa, amma a tsarin cibiya komai yana gogewa da kansa bayan kwana talatin, kuma ba shi da izinin shiga ma'ajiyar sai da sa hannunki. A lissafina kwana talatin suna cika ranar Alhamis, 21 ga Nuwamba. Madam Pauline ta tafi Kafanchan ranar 9 ga wannan wata jinyar mahaifiyarta, sai Janairu za ta dawo, ba ni kuma da wani mai jin harshen.

Tuula ta sanar da mu cewa dangi za su sake taruwa a maƙabarta ranar Asabar, 30 ga Nuwamba, domin binne tokar gawarta da aka ƙone, bisa tsarinsu wanda ba hurumina ba ne in yi magana a kai. Daga nan kowa zai watse. Ita ce rana ta ƙarshe da za a iya karanta musu maganata suna tare.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ki da waɗannan:

(a) Ki ba da izini a rubuce a buɗe ma'ajiyar kwamfutar nan kafin 21 ga Nuwamba, a fito da bugun farko, a kuma bincika ofishin a nemo takarduna.

(b) A aika wa Tuula cikakkiyar wasiƙar ina zaune a wurin, da duk layukanta ja da shuɗi yadda suke, in ƙirga sakin layi takwas da idona kafin a danna. A haɗa da ɗan bayani daga cibiya cewa ragewar ba daga gare ni ta fito ba.

(c) A kafa doka cewa ba za a kunna zaɓin salo ko taƙaitawa a kan wasiƙar wani dattijo ba sai an tambaye shi, kuma wanda ba ya jin harshe kada ya karɓi gyara a cikinsa. Da yawa daga cikinmu ba ma iya duba abin da ake aikawa da sunanmu. Amana ce kaɗai muke kawowa ɗakin nan.

Ba na neman a kori Malam Misbahu, yana da iyali. Zan yafe masa, domin bai dace mai neman yafiya ya hana wani ba. Sai dai ba zan iya furta masa hakan da gaskiya ba sai ranar da aka karanta sakin layi na shida a Kuopio. Ina so ya kasance shi ne zai danna aikawa.

Ni ba mai zurfin ilimi ba ne. Duk kuskuren da kika gani a wannan takarda, na kwanan wata ko na rubutu ko na abin da na ɗora wa wani, ina roƙo a nuna mini in gyara da hannuna. Kada a gyara mini a bayan idona.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa ki yi adalci.

Naki cikin girmamawa,

Ilu Abdulmumin Lere

Kwafi zuwa ga: Malam Misbahu, ɗakin kwamfuta.