Ɓawon da ke tsakar gidanmu

Litinin, 6 ga Mayu
Ruwan teku ya janye da hantsi, na hau katakona na zame cikin taɓo har gonarmu ta kerang, irin dodon koɗin nan mai ɓawo biyu da muke kiwo a lakar bakin teku. Rabinsu sun buɗe baki, matattu. Na zura hannu har gwiwa, lakar ta fito baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da can toka-toka ce. Me ya shige ta?

Laraba, 8 ga Mayu
'Yata Suriati ta dawo daga taron masunta da sabon zance: wai a daka ɓawon kerang a cuɗa da lakar, za ta sha iska. Na ce a ina za a samu ɓawo mai yawa haka? Sai ta dubi ƙasa. Tsakar gidanmu! Ɓawon da marigayiya mahaifiyata ta yi ta zubarwa tun tana amarya, har ƙasar ta yi tauri.
Na ce ko ɗaya ba za a taɓa ba.
"Mak," haka take ce mini, wato Mama, "to mu ci tsakar gida idan gonar ta mutu."
Bakinta kamar na ubanta.

Asabar, 11 ga Mayu
Ban gaya wa kowa ba. Na ɗebo lakar a roba biyu, ɗaya na zuba mata dakakken ɓawo, na sa ruwan teku da kerang masu rai a kowace. Gani kawai nake so in yi.

Lahadi, 12 ga Mayu
Maƙwabciyata Zaiton ta kama ni tsugune a kansu. "Kak," wato Yaya, "reno kika koma? Ki sa musu suna mana." Dariya har da riƙe ciki.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ina sauya ruwan kullum. Na robar ɓawo sun nutse cikin laka kamar yadda masu lafiya ke yi, sai 'yan ramuka ake gani. Na ɗayar suna kwance a sama, biyu sun mutu. Na shinshina, warin ma ba ɗaya ba. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Asabar, 18 ga Mayu
Ban je gona ba. Tsoron abin da zan tarar nake ji.

Talata, 21 ga Mayu
Na haƙa gefen ɗakin girki, ɗan kaɗan. Ɓawon sama ƙanana ne, irin nawa. Da na yi ƙasa sai ga na zamanin mahaifiyata, manya, masu kauri, ɗaya ya kusa cika mini tafi. Ashe haka suke da, ni kuwa ban lura da lokacin da suka ƙanƙance ba. Na zauna na yi kuka, sannan na ci gaba da haƙa.
Suriati ta tarar da buhunan ɓawo a jere. Na ce barkono zan dasa.
"Barkono har bakin matakala, Mak?"
Na dai ce gobe kada ta fita ba ni, ba ta iya watsa ɓawo a gona ba.