Wai Ina Ɗaga wa Baba Murya

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare.

Ni ba mai magana ba ce. A aji Shiru-shiru ake kirana, kullum malama sai ta ce in buɗe baki. Amma a gida wai ina ɗaga wa Baba murya. Wallahi ban san ina yi ba, sai da Mama ta ja ni ɗaki ta ce bakina ya fara tsawo. Ƙanena kuma ya kwaikwaye ni, kowa ya yi dariya ban da ni.

Baba injin niƙa gare shi, tun kafin a haife ni. Ni nake kai masa abincin rana. Yakan kaɗe garin da ke kan benci da hularsa kafin in zauna, ya rage mini nama. Ina sonsa sosai, Anti. Da na fara lura da kaina sai na ga wasu abubuwan. In muna tafiya, hagunsa nake komawa, ko da kwata ce a wajen. Ba na yi masa magana sai na taɓa hannun rigarsa. Ba wanda ya koya mini. Jiya na gaishe shi a hankali kamar yadda Mama ta ce, bai ko ɗago ba. Fushi yake yi da ni ke nan? Na yi ta kuka a banɗaki. Ko lalacewa na fara yi ban sani ba?

Shiru-shiru

'Yata, share hawayenki. Yarinyar da ta lalace ba ta kuka don uba bai amsa gaisuwa ba.

Mama tana da gaskiyarta: ɗaga wa uba murya ba tarbiyya ba ce, kuma abin da ta ji shi ta tsawatar. Amma sake karanta wasiƙarki. Shekara da shekaru yana cikin ƙarar inji. Hagunsa kike bi, sai kin taɓa shi yake juyowa, da kika sassauta murya bai ɗago ba. Ni ba likita ba ce, amma ina zaton jin Baba ne ya ragu, musamman kunnen dama. Ido da kunne sukan tsinci abu su ajiye, jiki ya riƙa aiki da shi tun hankali bai farga ba. Ke da kike zama kusa da shi kullum, jikinki ya riga kowa ganewa.

Kada ki faɗa masa a gaban mutane, kada kuma ki ba ƙanenki labari. Samu Mama ita kaɗai, in baki ya yi nauyi miƙa mata wannan shafin. Ta lura da shi kwana biyu, sannan ta lallashe shi a je asibiti a duba, ya kuma nemi abin toshe kunne don wurin aiki.

Kafin nan, gobe in kin kai abinci, zauna a hagunsa, ki taɓa hannun rigar, ki gaishe shi yadda zai ji. Allah Ya ba shi lafiya, Ya yi miki albarka.

Anti