Ƙwaryar Inna Hajjo ta tsage

Daren Laraba, Bagudo

Barci ya ƙi zuwa. Injin sassaƙan nan da na haɗa a zaure ya kunyata ni yau.

Manhajar kyauta da nake sarrafa shi da ita katako kawai ta sani, komai a wurinta shimfiɗaɗɗe ne. Ni kuma da rawar kai na karɓi ƙwaryar Inna Hajjo, mai kawo mana nono daga Sharabi, wai zan zana mata ado. Sai da ta ce, "Ɗana, ta aurena ce, bi ta a hankali." Bakin injin yana hawa doron ƙwaryar, sai ji na yi ƙas, ta tsage.

Tun isha'i nake duba wasu manhajojin. Wadda ta san abu mai doro, duk wata sai an biya kuɗin ɗan akuya. Mai arahar kuwa sai da intanet, ga wayata da an jima kaɗan ta koma layin maƙwabciyarmu ƙasar Benin.

Matata ta ce in kai wa gyartai. To, ɗinkin zai ɓoyu ne?

Da hantsi Inna za ta yi sallama, kuma duk cikin manhajojin nan babu wadda za ta fita ta amsa mata.