Na Goge Muryar Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, karatun jami'a na tafiya. Sai dai karambanina ya ja mini. Kwamfutata ta yi nauyi, na ce bari in gyara da kaina, ashe komai na goge. Waƙoƙin nan da kike kira hayaniya sun tafi, ban damu ba. Amma har da muryar Baba, wadda na ɗauka yana waƙa a shago kafin rasuwarsa. Ita nake kunnawa idan ɗakin ya yi shiru.

Don Allah ki duba tsohuwar wayarki, ko na taɓa turo miki. Kada Inna ta ji. Jiya na gwada rerawa, na kai tsakiya na kasa tuna sauran.

Allah ya jiƙansa.

Autanku