Ni Na Fara Cewa Ya Riƙe Dokin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma ban bar kaina ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni mutumin Damagaram ne, ɗinki nake yi, amma a gari an fi sanina da maganar dawaki. Duk ranar Alhamis nakan saki vokal, wato saƙon murya, a grup ɗinmu na WhatsApp, in zayyana dawakin da za su yi sukuwa ranar Lahadi: wanda ya yi na ɗaya a makon jiya, wanda yake tashi da wuta amma numfashinsa ya ƙare kafin kwanar ƙarshe, wanda ba ya son rairayi mai zurfi, wanda aka cika wa ciki da ɗanyar ciyawa har ya yi nauyi. A ƙarshe sai in ce ga fabori, wato wanda nake ganin zai ci. Ba na duba, ba na tsubbu, ido ne da yawon bargar mutane. Na daɗe ban faɗi ba daidai ba, har daga Takieta da Dakusa ake bugo mini waya. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Ƙanen matata, Lawali, mahayi ne. Magidanci ne mai 'ya'ya, ƙaramin jiki Allah ya ba shi, shi ya sa har yanzu ake ɗora shi. Yana hawan wani baƙin doki na wani Alhaji, ana kiransa Hadari. Alhamis ɗin da ta wuce na cika baki na ce Hadari ne, duk wanda ya zaɓi wani doki to barci yake. Ranar Lahadi da safe na leƙa barga, sai Lawali ya kamo hannuna ya ɗora a jijiyar ƙafar gaba ta dama. Zafi rau, kamar bayan tukunya. Ya ce, "Yaya, ka sake vokal. Ƙafar nan ba za ta kai ba. Na gaya wa Alhaji, ya ce gari duk ya ji ka ce dokinsa ne, ba zai janye a yi masa dariya ba. In kai ka faɗa, zai ji." Na ce masa ɗan zafi ne, in ya yi gumi zai sake. Wallahi na san ƙarya nake. Kunyar in ce na yi kuskure ce kawai ta hana ni.

Da aka saki dawaki, Hadari ya fita gaba, fili ya ɗauki ihu. A kwanar ƙarshe na ga ƙafar ta ba da kai, na ga Lawali ya ja linzami don kada ta karye. Wani kilin doki ya wuce shi, wani ya bi. Mutanen da suka zuba abin hannunsu a cacar sukuwa saboda maganata suka juyo suna kallona, wani ya cakumi rigata yana cewa ina faborin naka? Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Ba ku gani ba? Ya riƙe shi!" Wanda bai san filin sukuwa ba zai ce ai gaskiya na faɗa, ya riƙe shi ɗin. Amma a wurinmu in aka ce mahayi ya riƙe doki, abu ɗaya ake nufi: ya sayar da sukuwar. Na san haka sarai lokacin da nake faɗa. Wani ɗan kabu-kabu mai suna Habu da ke gefena ya ɗauki maganar ya kwarma ta da ƙarfi, fili duka ya amsa.

Tun Lawali bai sauka ba suka fizgo shi daga kan sirdi. Na ga an ɗaga gora, na ji ƙararta a kan ƙashi. Wani ya ƙwace bulalar hannunsa yana tsula masa a fuska, wasu suna tattaka shi, wani ya kawo dutse ya sauke masa a muƙamuƙi. Yana kare kansa da hannu yana cewa, "Ku taɓa ƙafar! Ku taɓa ƙafar dokin!" har bakin ya cika da jini maganar ta daina fita. Wa ya taɓa ƙafar a duk filin nan in ba ni ba? Me ya hana ni in shiga in ce ni shaida ne? Ina tsaye, hannuna a aljihu, har jandarmomi suka zo suka watsa mutane. Ni na tsinci haƙorinsa a cikin rairayi, ban ma san dalilin da ya sa na ɗauka ba.

Yanzu yana kwance a lopital, wato asibiti, hannu a karye, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, kunu ma sai da tsinke yake zuƙa. Alhaji ya kore shi, a gari ana kiransa maci amana. Matata kullum tana dama kunun tana tsine wa wanda ya fara wannan magana, ni kuma ina cewa amin. In na shiga ɗakin, Lawali ya kafe ni da ido, ba ya ko ƙiftawa. Ban sani ba ko wani ya gaya masa, ko kuwa jira yake in buɗe baki in wanke shi da abin da hannuna ya taɓa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne yayansu, Isufu. Mahauci ne a Hamdara, kuma ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Ya bi ya tambaya, kowa ya ce masa muryar Habu aka fara ji. Jiya ya same ni a shago, ya zaro adda daga cikin buhu ya ajiye a kan keken ɗinkina, sabuwar wasawa. Na ce, "Yaya Isufu, ka bar wa hukuma." Ya ce, "Hukuma ta mayar masa da haƙoransa ne? Ba kashe shi zan yi ba, bakin da ya faɗa zan gyara." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ban san fuskarsa ba. Kai ka san kowa a filin nan, kuma kai namu ne. Ranar Lahadi ka tsaya kusa da ni, ka nuna mini shi."

Habu yana da mata da jariri, kuma abin da ya ji daga bakina ya maimaita. In na yi shiru, za a sare shi a kan maganata. In na gargaɗe shi ya gudu, shi ya san wanda ya tsaya a gefensa ya fara faɗa. In na faɗi gaskiya, addar nan ta san hanyar shagona, matata kuma ban ga ranar da za ta sake kallona ba. Ina tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Yau Alhamis, tun safe ake bugo waya ana tambayata wane doki ne fabori, ni kuwa na ce wa Isufu to.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?